Harafi Mai Takalmi

A Aboabo nake, bayan masallaci,
inda warin fenti ke kokawa da ƙamshin ƙosai.
Shekara ashirin da uku ina rubuta sunayen mutane
a katako, a kwano, a goshin tirotiro.

Ran Talata Hajiya Zuwera ta zo,
mai turare da leshi a Alabar.
Ta ce, “Bawa, ba na son harafin nan na masu faci,
mai kauri ɗaya kamar itacen girki.
So nake sunana ya ci ado.”

Na buɗe mata littafin samfur.
Ta wuce shafi bakwai ba ta ce uffan ba,
sai yatsarta mai lalle ta tsaya cak:
harafi mai ƙafa, kowace ƙafa da ɗan takalminta,
gefe guda ƙato kamar taɓarya,
ɗaya gefen siririn gashi
kamar zaren da tela ya ciza ya yar.

Na san shi.
Mahaifina yakan fere alƙalami a karkace,
in ya sauko ya cika, in ya juya ya rame.

Gariba, yarona, ya zana gwaji a kwali,
tsawon ɗan yatsa. A hannu, sai ka lashe.
Na ce ya ɗaga, na tsallaka titi,
na ratsa masu dako da mai rake,
na waiga daga bakin kwata.
Gashin ya ɓace. Rana ta shanye shi.
H ta zama sanda biyu masu gaba da juna,
A ta jingina da iska,
sunan duka ya koma shingen da awaki suka fasa.

Gariba ya ce, “Mu ƙara wa siririn nama.”
Na ce a'a.
In ya yi ƙiba, mun kashe abin da ta gani ta tsaya.
Babbar riga ce wannan,
ba a ɗinka ta da yadi biyu.

Muka ɗauko allo mai ƙafa goma sha biyu.
Harafi shida kacal, kowanne kamu biyu,
baƙi wuluk a kan ruwan madara,
da fili tsakaninsu don su sha iska.
Lambar waya da “sari da ɗai-ɗai”
muka ba harafin masu faci,
ya yi dakonsu daga ƙasa.

Siririyar ƙafar A da asuba na ja ta,
kafin manyan motoci su fara girgiza bango.
Ban saki numfashi ba
sai da ta sauka cikin takalminta.

Ta rage mini sidi talatin,
wai na cire mata “Hajiya”,
ita da ta je Makka sau biyu.

Jiya na hango ta ta tagar tirotiro,
tsaye a tsallaken titi,
mata uku na jiranta a ƙofar shago,
ita kuwa ta dafa goshi saboda rana,
leɓenta na motsi.