Kalma Ɗaya, Ciniki Biyu

Kakana bai shiga aji don Yarabanci ba.
A Agege ya tsince shi, tsakanin huhunan goro,
kalma-kalma, kamar mai ware daushe daga sabo,
har ya tsufa yana faɗa da ’yan dako da harshe biyu.

Ni kuwa Sinanci ya kai ni aji
ina da shekara arba’in da uku,
da shagon leshi a Balogun,
da gwiwar da ke sanar da ni zuwan ruwa.

Ba sha’awa ba ce, kada in yi ƙarya.
Tafinta ne.
Shekara shida yana tsaye tsakanina da mai kaya,
in faɗi magana gajera, ya miƙa ta doguwa,
su yi dariya su biyu,
ni in biya kuɗin dariyar.
Ranar da na gano a kowace dila yana da yadi goma,
na ce ashe bakin aro ma kayan aro ne,
ba ya rufe katara.

Ajin yana Yaba, saman shagon gyaran janareta.
Mu tara ne.
Chidubem yana mafarkin kwantena mai sunansa.
Morenike takarda kawai take so, ta nemi aiki.
Baba Lasisi, tsohon ma’aikacin jirgin ƙasa,
ya ce shi dai kada kansa ya riga ƙafarsa tsatsa.
Malama Shu tana zana harafi a allo
kamar sawun kaza a ɗanyen siminti,
mu bi ta da fensir, muna zufa.

Sai ranar da ta ce mai.
Na gyara zama, na ce yau an zo gidanmu:
mai na miya, mai gida, mai unguwa.
Ta ce a’a.
In murya ta nutsa ta taso, saye ne.
In ta faɗo kamar guga a rijiya, sayarwa.
’Yan aji suka yi ta lalube. Ni na yi shiru.
Wadda ta san gari na zama da gari na tuwo,
ta san fari na alli da fari na rashin ruwa,
ba a koya mata cewa murya tana da tudu da kwari.
Ashe tun ina goye nake shirin wannan jarrabawa.

Amma sani daban, baki daban.
A cunkoson Oshodi nake bita, leɓe na motsi,
har wani kwandasta ya ɗauka wuridi nake,
ya miƙo mini canjina da hannu biyu.

Wata na bakwai na ɗauki waya ba tafinta.
Tafin hannuna ya jiƙe.
Na gaida mai kaya, ya amsa,
na ce zan sayar masa da dila ashirin.
Shiru.
Sai ya fashe da dariya, na gane, na fashe,
na nutsar da muryar, na taso da ita.
Wannan dariyar tamu ce mu biyu,
kuma ban biya ko kwabo ba.

Daren nan na dawo gida ina jin kaina.
Autata Uwani tana kwance a tabarma,
ta ɗago, ta tambaye ni da Broka
wai mene ne faifai,
ta ji kakarta ta faɗa a waya.

Na dubi littafin da ke hannuna,
haruffa ɗari uku na haddace a cikinsa.
Na dubi tukunyar tuwo, murfinta na roba.

An ɗauke wuta.
Na kunna fitilar waya, na ajiye littafin,
na ce matso kusa, Uwani.
Ce gari.
Ta ce gari.
Na ce wancan na tuwo ne.
Sake, ki kai mu gida.