Shari'ar Gada a Gindin Aduwa

Ran da anka kama Nomau da gada cikin buhu
munka taru gindin aduwa bayan isha'i,
mu bakwai, karen Labbo na takwas.
Ba a hura wuta ba, kowa ya san muryar kowa.

Labbo ya fara, shi da ba ya jiran gaisuwa:
"Wa ya shuka dajin Gundumi?
Wa ya ba gada nono, malamin daji ko uwarta?
Kakana ya yi harbi nan tun ba a san takarda ba,
yau sai da hatimi zan shiga gidan kakana.
Geron Nomau ya ƙare tun kafin bazara,
'ya'yansa biyar suna lasar tukunya.
In wannan sata ce, yunwa ce ɓarauniya,
ita za a kai gaban alƙali a Goronyo."

Anka yi gyaran murya, anka ce haka ne.

Sai tsoho Hantsi,
wanda dafi ya ci wa yatsa tun yana saurayi,
ya tofar da goro ya ce, "Kun duba cikinta?"
Shiru.
"Ni na duba. Akwai ɗa, har ya yi kofato.
Dokar gwamnati ban san ta ba, ban yi boko ba.
Tamu na sani, ubanka ma ya san ta:
ba a harbin mai ciki, ba a kwanto bakin ruwa,
in damina ta sauka a rataye kwari.
Wa ya buga wa wannan hatimi?"

Labbo ya ce, "To masu motar birni fa?
Su zo da dare da fitila mai kashe ido,
su cika baya da barewa kamar itace,
malamin daji ya sara musu, ya tafi da cinya.
Wannan doka tarkon zomo ce,
giwa ta taka ta wuce."

"Dauɗar mai mota," in ji Hantsi,
"ba ta wanke rigar mai buhu."

Ni ban ce uffan ba.
Shekarar da Rima ya koma rairayi
na kwanta bakin ɗan ruwan da ya saura,
kwana biyu, tururuwa na cin ƙafata.
Gwanki ya zo, ya saki wuya ya kafa baki,
ban bar shi ya haɗiye ba.
Kwana tara muna ci.
Nonon Tumba ya dawo, Bagudu ya rayu,
ga shi can Achida yana koyar da lissafi.
Tun daga ranar ban sake ganin sawun gwanki ba,
ko a laka, ko a mafarki.
Bara jikana ya ce, "Kaka, mene ne gwanki?"
Na ɗauko ƙahon da nake zuba albarushi,
na ce, "Ga abin da ya rage."
Ya busa, bai yi ƙara ba, ya ajiye.

Da dare ya raba anka zo batun tara.
Hantsi ne ya fara tuɓe hula,
ya zaro kuɗin goronsa na mako ya aza a tabarma.
"A fanso shi, a kai wa yaran dawa.
Amma ba shi zama nan sai an yanke gero,
in ya zo, ni zan tashi."

Labbo ya yi tsaki, ya zuba nasa.
Na zuba nawa, na ƙara a kai,
ba wanda ya tambaye ni na mene ne ƙarin.

A hanyar gida zomo ya gitta gabanmu.
Kare ya zabura.
Labbo ne ya kira shi baya.