Kati na Huɗu

Talata ce, a ɗakin taron ƙaramar hukuma.
Ruwa na dukan taga tun asuba,
ƙarnin kifi na shigowa daga tashar jirage.
Mu biyar ne a tebur, ni ke riƙe da alƙalami.
Fam dubu casa'in a asusu,
takardun neman tallafi goma sha huɗu.
Ko ba ka iya lissafi ba
ka san wani zai koma gida hannu rabbana.

Ta goma sha ɗaya ta cibiyar masu raunin ƙwaƙwalwa ce,
wadda ke bayan tsohon cocin masunta:
ɗaki biyu, kicin ɗaya, rufi mai yoyo.
Catriona Geddes ta kawo ta da ƙafarta,
ta zo da Murdo.

Wa bai san Murdo ba a gaɓar nan ta Sikotilan?
Shekara ashirin da biyu yana jan jirgi cikin hazo,
taswirar tana cikin kansa,
har daren da igiyar ƙarfe ta tsinke
ta same shi bayan kunne.
Teku ta dawo mana da jikinsa cif,
ta riƙe sauran.

Takardarmu ta tambaya: wane sakamako za a iya aunawa?
Catriona ta rubuta: Murdo ya haɗa shayi.
Wata tara aka yi,
da katuna bakwai manne a bango.
Cika buta. Kunna wuta. Ɗauko kofi.
Na huɗu kalma ɗaya ce: jira.
Ta ce nan ne yake ɓata,
ya fita waje neman jirgin da aka sayar tun bara.

Ya miƙe zai yi mana magana.
Ya faɗi sunansa, ya duba tafin hannunsa,
sai kalma ta maƙale masa kamar ƙayar kifi.
Mista Rennie ya buɗe baki zai taya shi,
Catriona ta ɗaga yatsa ɗaya.
Muka yi tsit.
Na ƙirga a agogon bango, daƙiƙa arba'in,
ban taɓa sanin tsawonsu ba sai ranar.
Ya ce, "Mota."
Ya haɗiyi yawu.
"In ba mota, ba Alhamis."

Da suka fita aka shiga yanka.
Ga masu kai wa tsofaffi abinci,
ga masu tsaron wayar dare don wanda rayuwa ta isa,
ga matan da ke koya wa yara iyo
a garin da kowane gida ya ba ruwa mutum.
Babu maƙaryaci a cikinsu, nan ne ciwon.
Bargon gajere ne,
ka rufe kai, ƙafa ta leƙo.

Dubu talatin da takwas suka nema, na shekara uku.
Muka ba da ashirin da ɗaya, na shekara guda.
Mai koyar da magana kwana biyu maimakon huɗu.
Rufi, sai wani jiƙon.
A kan mota na kafe
har Rennie ya cire tabarau ya ce to.

Ni na rubuta wasiƙar.
"Muna farin cikin sanar da ku."
Sau uku ina goge farin cikin
ina mayar da shi.

Ran Alhamis na kai ta da kaina.
Bokiti biyu a tsakar ɗaki suna karɓar ɗigo.
Catriona ta karanta a tsaye, ta ninke,
ta ce, "Da babu gara ba daɗi,"
ta koma kan wata yarinya mai koyon ɗaure takalmi.

Murdo bai gane ni ba.
Ya tambayi sunana, na ce Ishbel,
ya sake tambaya, na sake faɗa.
Ya cika buta. Ya kunna wuta.
Ya ɗora yatsa kan kati na huɗu,
idonsa na kan ƙofa, ƙafarsa na rawa.
Na tsaya kusa da shi da jakata a hammata,
muna sauraron ruwan
da bai tafasa ba tukuna.