Fam Shida da Ɗoriya

Kafin ƙarfe huɗu rana ta yi sallama da Thurso.
Na durƙusa ƙarƙashin matakala, tocila a baki,
gwiwata na kuka kamar tsohon ƙyaure,
ina karanta fuskar mita.
Fam shida da ɗoriya.
Yau Laraba. Fansho sai Litinin.

Bara war haka kuɗin nan kan kai mu Lahadi har da canji.
Bana ko Juma'a sai da lallami.
Takardarsu ta zo, fara fat, mai ladabi,
ta gaishe ni, ta kira ni Ishbel kamar tare muka yi wasan ƙasa,
sai a layi na uku ta zaro wuƙa.

Yanzu na san kuɗin kowane motsi a gidan nan.
Butar shayi ɓarauniya ce mai sauri,
sau ɗaya nake tafasawa da asuba, in ɗure a fulas.
Tanda ta koma ma'ajiyar faranti.
Firji na kashe shi tun Nuwamba,
madara na kwana a bakin taga,
tunda sanyin Allah bai fara aiko da takarda ba.
Safa biyu, rigar ulu uku, hular marigayi ƙanena.
Dabara dai ta rage ga mai shiga rijiya.

Abu ɗaya ne ba na taɓawa:
na'urar numfashin Murdo,
da ke gurnani a gefen gado dare da rana,
tana cin rabonta ba ta ko duban ido.

Shekara talatin da ɗaya mutumin nan yana hawan turakun lantarki.
In guguwa ta taso daga teku ta tsinke waya,
shi ake tasa tsakar dare,
ya dawo gemu duk ƙanƙara,
garin nan ya waye da haske, ba wanda ya san sunansa.
Yau daga matashinsa yana hango manyan fankoki a kan tudu,
suna juyi, suna juyi,
wuta na wucewa ta bisa rufinmu ta nufi kudu.
Ga ƙoshi, ga kwanan yunwa.

Daren jiya shiru ne ya tashe ni.
Ba tari ba, ba iska ba. Shiru.
Na laluba. Waya a zare, a ƙasa.
Can kusa da ƙafata ƙaramar hita ta yi ja,
shi kuma yana zaune, baki buɗe,
yana jan iska kamar mai jan guga da ruɓaɓɓiyar igiya.

Ya ce, awa ɗaya kawai,
na ji haƙoranki suna kaɗawa cikin barci.

Ban san ina da irin wannan zagin a bakina ba.
Na zazzage masa shi duka, da raɗa,
kada Effie ta ji ta bango.
Hannuna na rawa, sau uku ina kuskuren ramin soket
kafin gurnanin ya dawo.
Hitar kuwa na naɗe wayarta,
na ɗora ta saman kwaba, inda hannunsa ba ya kaiwa yanzu.

Gobe zan kai zoben mahaifiyata kantin da ke bayan tasha.
Ban gaya masa ba.

Na fito daga ƙarƙashin matakala, na kakkaɓe zane.
Daga ɗaki ya ce, nawa ya rage?
Na ce, ashirin da wani abu.

Mutumin da ya tsufa yana lissafin wuta.
Bai ce uffan ba.
Ya ɗaga gefen bargo,
na shiga da safata da hulata,
na cusa ƙafafuna tsakanin nasa,
muna jin mita tana tauna a hankali cikin duhu.