Idanu Biyu a Jikin Kara

A tsibirinmu Faial ba a shinge gona da ƙaya.
Hortensiya ake dasawa,
ta tsaya tsakanin saniyar wani da ciyawar wani,
kawunanta shuɗi-shuɗi, kowanne ya kai ƙoƙo girma.
Shanu ba sa taɓa ganyenta. Sun san abin da suka sani.

A cikinta na girma, ban koyi komai ba.
Shekara goma sha tara ina ɗinki a Amurka,
na dawo da akwati biyu da ciwon baya,
na tarar da mahaifiyata Custódia bakin taga
tana tambayata ko ni ce mai kawo madara.

Lambu ya zama daji.
Cikin Nuwamba na wasa adda,
na sassare shi har gwiwa, ina jin daɗin kaina.
Yuli ya zo da ganye, ganye, ganye,
kore shar, faɗin tafin hannu,
fure ko na rantsuwa babu.
Aníbal maƙwabci ya jingina da katanga, ya daɗe yana kallo.
Ya ce, Leonilde, furen bana kika yanka bara,
yana barci a bakin kara.

Na yi shiru. Na bar busassun kawuna suka ci sanyi,
launin takardar da ta sha shayi,
suna yi wa 'yan tsiron hula
idan iskar teku ta taso da gishirinta.

Ƙarshen Fabrairu, hazo kwance a kan dutse,
na fito da almakashi ina juya shi kamar aron hannu.
Sai ga ta a bayana da silifas, ba mayafi.
Ta karɓe shi ba ta ce uffan ba.
Yatsanta ya bi kara daga sama,
ya wuce mataccen kai, ya wuce ramammen ido,
ya tsaya inda idanu biyu masu ƙiba ke zaune kafaɗa da kafaɗa.
Ƙyas.
Kaɗan sama da su, a karkace, don ruwan sama ya zame.
Tsohon kara mai furfura ta bi shi har gindi:
Wannan ya gama nasa, ba iska hanya.
Matar da ta manta sunan mijinta
ta yi gindi bakwai kafin ƙararrawar coci.

Sauran a hannunta na tsinta, ɗaya-ɗaya.
Ranar safe take so, ta yamma tana ƙona ta.
In ta langaɓe da tsakar rana kada ki ruɗe,
tsoma yatsa a ƙasa tukuna.
Ruwa a gindi ake zubawa, ba a ka ba.
Reshen da bai yi fure ba, tsawon taƙi,
a zage ganyen ƙasa, a raba na sama biyu,
a soka a tukunya, a manta da shi cikin inuwa.

Na shafe katanga da farar ƙasa saboda biki.
Ruwan sama ya wanko ta zuwa saiwa,
shekara na zagayowa, gindin da ke lungu
ya fito ruwan hoda tsakanin 'yan'uwansa shuɗaye.
Aníbal ya ce ƙasarmu mai tsami ce, tokar dutse ce,
na kashe mata tsami, in nemo ganyen fir in rufe gindin.
Wata ta ce in binne tsatsattsun ƙusoshi.

Na tura kujerarta har lungun.
Ta tallabe furen kamar kan jariri,
ta dube shi, ta dube ni.
Wannan ta yi tafiya, in ji ta. Bar ta ta huta.

Na bar ta.
Da safe nakan ƙwanƙwasa ƙofar ɗakinta da kofin madara,
ta biya ni da busasshen ganye daga aljihu,
in karɓa, in ƙirga, in ce ya cika.