Kafin Ka Cike Fom

Sadisu, jiya da magariba ka zo,
ka zauna kan tsohon janareton Alhaji Barau
wanda wata uku ke nan bai aiko a ɗauka ba,
ka miƙo min sakamakonka a ninke huɗu
kamar mai miƙa sammaci.

Na gani. Lissafi ya kayar da kai sau biyu.
Fiziks da ƙyar ka haye, ƙafa ɗaya cikin ruwa.
Ka ce ilimin ƙasa ya ishe ka,
ka gaji da haddar sunayen duwatsu,
kai injiniya za ka zama,
a kifa maka hular kwano mai ruwan ɗorawa.

Ni kawunka ban taka jami'a ba.
Shekara talatin da ɗaya ina naɗin koyil a bayan Wunti.
Abin da na sani kaɗan ne:
in inji ya ƙone ba a zaginsa,
kwance shi ake yi,
a ƙirga zagayen waya ɗaya bayan ɗaya
har a kai inda zafi ya fara ci.

To, kwance naka.
Ba a jami'a ka ƙone ba.
Tun aji huɗu ne, shekarar da malamin lissafinku ya bar aiki
aka bar ku da allo da surutu.
Koma can.
Littafin ƙanwarka Ladiyo yana kan taga, bangonsa ya yage,
ɗauka ka fara daga shafin da ya fi ba ka haushi.
Kunya ba ta taɓa tayar da inji ba.

Ka je ofishin jami'in jarrabawa da ƙafarka.
Bar zancen 'yan teburin shayi na Gwallameji,
kowannensu da makin da ya ji an ce.
Tambayi mutumin: maki nawa ake nema?
Yaushe ake rufe fom?
Wane darasi zai bi ka, wanne za a zubar?
Rubuta. In ya ce ka dawo gobe, koma gobe.

Duwatsun nan da kake rainawa kuwa
su za su biya maka kuɗin mota.
Ba mai karɓar baƙo da maki ramamme.
Gidan da za ka bari, share shi tas kafin ka fita.

Rifkatu 'yar Bogoro da ka ce lissafi na jin tsoronta,
zauna kusa da ita,
yi ta tambaya har ta gaji da kai,
washegari ka zo da wata.

Uwarka fa? Kada ta ji a bakin wani.
Tun asuba take gaban tanda tana juya masa
tana ƙirga shekarun da suka rage maka.
In canjin zai ƙara ɗaya, gaya mata da bakinka,
kana kallon idonta.

Saura tambaya guda, ba ni za ka amsa wa ba:
hular kake so ko aikin?
Ran Asabar za a kawo famfon burtsatse daga hanyar Gubi,
yana gurnani amma ba ya jan ruwa.
Zo da tsohuwar riga.
In la'asar ta yi, hannunka baƙi ƙirin, bayanka na ciwo,
kuma har yanzu kana son sanin me ke sa shi gurnani,
je ka cike fom ɗinka.

Suna iya hana ka, ban ɓoye maka ba.
In sun hana, ka tuna mai injin haƙa
ba ya huda ƙasa sai ɗan ilimin dutse ya nuna masa wuri.

An kawo wuta, bari in gwada na Barau.
Takardarka tana ƙarƙashin gwangwanin notina,
ka manta ta jiya.
Mai ya ɗan taɓa gefenta, amma ana karantawa.