Madubin Ogan

A majami'ar dutse ta bakin ruwa a Bergen
shekara talatin da ɗaya ina kaɗa ogan.
Sama da madannai akwai ɗan madubi,
an kafa shi don in hango bagade a bayana,
in san lokacin da Fasto Torleif zai ɗaga ƙoƙo.

Ban san ranar da na fara karkata shi ba.
Kaɗan-kaɗan, kamar gishirin teku na cin ƙarfe.
Daren Jibin Ubangiji na ɗaga ido
neman gurasar da aka kakkarya,
sai ga goshina, ga gashi ya sha gyara,
ga kunne yana jiran madalla.

Ni da nake yi wa masu maraƙin zinariya dariya!
Su ai 'yan kunnensu suka narka.
Ni ko sisi ban kashe ba:
da gunkina aka haife ni,
sau uku a rana nake ciyar da shi.

Ya Ubangiji, kusar ta yi tsatsa,
yatsuna sun tsufa.
Na kawo mai.
Ɗora hannunka a kan nawa, mu juya.